Ƙungiyar ACM: Majalisar masanan da ke tsara bincike da karatun kimiyyar kwamfuta

ACM, wadda cikakken sunanta da Turanci shi ne Association for Computing Machinery, ƙungiya ce ta masana da ƙwararru a fannin kwamfuta, mai hedikwata a birnin New York na Amurka. An kafa ta a shekarar 1947, kuma mambobinta a yau sun haura 100,000 a sassan duniya daban-daban. Ba kamfani ba ce, ba ta ƙera na'ura, ba ta sayar da manhaja, ba ta kuma da ikon doka a kan kowa. Ayyukanta su ne wallafa sakamakon bincike, da shirya tarukan ilimi, da tsara abin da ya kamata a koya wa ɗaliban kwamfuta, da shimfiɗa ƙa'idojin ɗa'a ga masu sana'ar. Ita ce kuma ke bayar da Kyautar Turing, wadda ake yi wa kallon Nobel ta duniyar kwamfuta.

Da wuya a sami ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da ya taɓa jin sunanta, alhali kuwa yana cin moriyarta kullum. Duk wanda ya tura kuɗi ta waya, ko ya ciri kuɗi a wurin mai POS, ko albashinsa ya fito ta tsarin biyan albashi na kwamfuta, ya hau kan tunanin da aka fara bayyanawa a shafukan mujallunta shekaru kusan 50 da suka wuce.

Asali

Ƙungiyar ta zo ne a bayan na'urar da ta haife ta da ɗan taƙi kaɗan. A watan Fabrairun 1946 aka nuna wa duniya ENIAC a Jami'ar Pennsylvania, wata ƙatuwar kwamfuta mai ƙwayayen lantarki kusan 18,000, wadda ta cika ɗaki guda. Masu irin wannan aiki a lokacin tsiraru ne, a warwatse tsakanin jami'o'i da rundunar soja da kamfanoni, kuma kowa na fama da matsaloli iri ɗaya ba tare da sanin inda ɗan'uwansa ya kwana ba. Ranar 15 ga Satumba, 1947, wasu daga cikinsu suka taru a Jami'ar Columbia suka kafa ƙungiya. Wanda ya fi kowa ɗawainiyar haɗa taron shi ne Edmund Berkeley, masanin lissafi da ke aiki a kamfanin inshora na Prudential, shi ne kuma ya zama sakatarenta na farko. John Curtiss ya zama shugaba.

Kalmar "na'ura" da ke cikin sunan ta daɗe tana jawo ƙorafi, domin galibin mambobin yanzu ba su da hulɗa da ƙarfe ko waya, aikinsu lissafi ne da tunani. An sha kawo shawarar sauya sunan, amma ya zauna, yawancin mutane kuma sun koma kiran ta da haruffa ukun kawai.

Lokacin da aka kafa ta babu wani fanni mai suna kimiyyar kwamfuta a kowace jami'a. Jami'ar Cambridge ta Ingila ce ta fara bayar da difloma a fannin a 1953, sannan Jami'ar Purdue ta buɗe sashen kimiyyar kwamfuta na farko a Amurka a 1962. Wato ƙungiyar ta girmi fannin da take wakilta, kuma wannan ne ya ba ta damar da ba kasafai ƙungiyoyin ƙwararru ke samu ba: ita ta taimaka wajen yanke wa fannin iyaka da faɗin abin da ya ƙunsa. Tana da takwarori, musamman reshen kwamfuta na ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE, da ƙungiyar BCS ta Birtaniya da aka kafa a 1957. Tsakaninta da IEEE akwai gasa, akwai kuma haɗin gwiwa, kamar 'yan kasuwa biyu da ke layi ɗaya.

Maƙalun da suka zama dukiya

A 1954 ƙungiyar ta fara fitar da mujallar bincike mai suna Journal of the ACM, a 1958 kuma ta ƙaro Communications of the ACM, wadda ake aika wa kowane mamba. Wannan ta biyun ce ta ɗauki wasu maƙalu da tasirinsu ya wuce duk yadda marubutansu suka zata.

Mafi kusa da rayuwar ɗan kasuwa ita ce maƙalar Edgar Codd, wani Bature ɗan Ingila da ke aiki a cibiyar binciken IBM a jihar California, wadda ta fito a watan Yunin 1970. Kafin shi, idan aka adana bayanai a kwamfuta, sai wanda ya san ainihin yadda aka jera su a cikin na'urar ne zai iya zaƙulo su, kuma da zarar an sauya jerin sai manhajojin da suka dogara da shi su lalace. Codd ya ce a zuba komai cikin jadawali mai layuka da ginshiƙai, a haɗa jadawali da jadawali ta hanyar lamba guda da suke tarayya a kai. Misali, jadawalin masu ajiya a banki daban, jadawalin shige da ficen kuɗi daban, lambar asusu ce igiyar da ta ɗaure su. Mai tambaya sai ya faɗi abin da yake so kawai, na'ura ta nemo hanyar da za ta kawo masa. Kamfanin da Codd ke yi wa aiki bai yi gaggawar rungumar tunanin ba, har wani ƙaramin kamfani, wanda daga baya ya zama Oracle, ya riga shi fitar da irin wannan rumbun bayanai kasuwa a 1979. A yau mafi yawan bankuna da hukumomin haraji da ofisoshin albashi na duniya a kan wannan tsari suke tafiya.

Ta biyu ita ce maƙalar Ronald Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman na cibiyar MIT, wadda ta fito a watan Fabrairun 1978, ta kuma haifar da hanyar sirranta saƙo da ake kira RSA, daga harufan farko na sunayensu. Matsalar da suka warware tsohuwa ce: yaya mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su yi magana ta sirri a bainar jama'a? Amsarsu ita ce kowa ya mallaki mabuɗi biyu, ɗaya na fili da kowa zai iya kulle masa saƙo da shi, ɗaya na ɓoye wanda shi kaɗai ke buɗewa. Kwatancinsa kamar mutum ne ya rarraba buɗaɗɗun kwaɗuna a kasuwa, duk mai son aiko masa da kaya ya danna kwaɗo a kan akwati, amma ɗan makullin yana aljihunsa. Ƙarfin tsarin ya ta'allaƙa ne a kan wani abu na lissafi: ninka manyan lambobi biyu abu ne mai sauƙi, amma gano waɗanne lambobi aka ninka daga sakamakon abu ne da zai ɗauki kwamfuta shekaru marasa adadi. Tushen tunanin ya fito ne daga Whitfield Diffie da Martin Hellman a 1976, a wata mujallar IEEE. Ba don irin waɗannan hanyoyi ba, da babu wanda zai yarda ya rubuta lambar katinsa a intanet.

A wannan mujalla ce kuma Dennis Ritchie da Ken Thompson suka bayyana tsarin Unix a 1974, wanda tsarin Linux ya kwaikwaya, shi kuma Linux ya zama ginshiƙin wayoyin Android. Robert Metcalfe da David Boggs suka bayyana Ethernet a 1976, hanyar da kwamfutocin ofis ke magana da juna har gobe. Abin lura a nan shi ne tazarar lokaci. Tsakanin maƙala da shigarta hannun talaka akan ɗauki shekara 10 zuwa 30, abin da ya kamata duk mai tsara kasafin bincike ya riƙe a zuciya kafin ya tambayi malaman jami'a abin da suka ƙirƙiro a bana.

Taro ya fi mujalla

Ƙungiyar tana da rassa fiye da 30 na masu sha'awar fanni guda, kowane da nasa taron shekara. Akwai SIGGRAPH na zane da hoton kwamfuta, wanda masana'antar finafinai ke zuba wa ido. Akwai SIGMOD na rumbun bayanai, da SIGCOMM na sadarwa, da SIGCHI na hulɗar ɗan'adam da na'ura, da SIGCSE na malaman da ke koyar da fannin.

Kimiyyar kwamfuta ta bambanta da sauran fannoni a wani abu guda. A likitanci ko kimiyyar sinadarai, mujalla ce ma'aunin daraja, taro kuwa wurin gaisawa ne da gabatar da taƙaitaccen bayani. A kwamfuta lamarin ya juye. Manyan taruka su ne ke tace cikakkun maƙalu, su ƙi mafi yawansu, kuma abin da suka karɓa shi ne sabon ilimi. Dalili shi ne saurin fannin, domin kafin mujalla ta gama tantance aiki ta buga shi, wataƙila an riga an wuce wurin.

Wannan al'ada tana da illa ga masu bincike daga ƙasashe matalauta. Wanda aka karɓi maƙalarsa dole ya biya kuɗin rajista, ya sayi tikitin jirgi, ya nemi biza, sau da yawa kuma bizar ce ke hanawa. Ga kuma kwamitocin ƙarin girma a jami'o'i da dama da ke ƙirga maƙalun mujalla su raina na taro, don haka malamin da ya yi nasara a inda takwarorinsa na duniya ke girmamawa yana iya komawa gida a ce bai yi komai ba. Ƙungiyar tana da majalisun yanki a Turai da Indiya da Sin, kuma taronta na COMPASS, mai duba amfanin kwamfuta ga al'ummomi masu tasowa, ya sauka a Accra ta Ghana a 2019. Duk da haka muryar Afirka a manyan tarukan ba ta da ƙarfi, shi ya sa masu bincike na nahiyar suka kafa nasu dandalin, kamar taron Deep Learning Indaba da aka fara a Johannesburg a 2017, da gamayyar Masakhane mai aiki a kan harsunan Afirka, har da Hausa.

Kyautar Turing

An sa wa kyautar sunan Alan Turing, masanin lissafi ɗan Ingila da ya rayu daga 1912 zuwa 1954, wanda a 1936 ya bayyana a takarda abin da na'urar lissafi za ta iya da abin da ba za ta taɓa iyawa ba, tun kafin a ƙera ko guda. Alan Perlis ne ya fara karɓar ta a 1966. Tun daga 2014 kuɗinta dala miliyan 1 ne, kamfanin Google ke ɗaukar nauyi.

Jerin waɗanda suka samu tamkar taƙaitaccen tarihin fannin ne. Codd ya karɓa a 1981, Thompson da Ritchie a 1983, masu RSA a 2002, Vinton Cerf da Robert Kahn a 2004 saboda ƙa'idojin da intanet ke tafiya a kai, Tim Berners-Lee a 2016 saboda ƙirƙiro shafukan yanar gizo. Mace ta farko ita ce Frances Allen a 2006, wato bayan shekara 40 ana rabawa. Daga 1966 zuwa 2024 mata uku kacal suka samu, sauran biyun su ne Barbara Liskov da Shafi Goldwasser.

Kyautar 2018 ta fi kowace dacewa da zancen sabbin fasahohi. An ba Yoshua Bengio da Geoffrey Hinton da Yann LeCun saboda aikinsu kan manhajojin da ke koyo daga misalai, a wani tsari da aka kwaikwayo daga jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Shekaru da dama ana yi wa wannan hanya kallon wadda ba za ta ɓulle ba, kuɗin bincike ya ƙaurace mata, ɗalibai suka guje ta. Al'amarin ya sauya a 2012, lokacin da manhajar da Hinton da ɗalibansa biyu suka gina ta shiga gasar gane hotuna ta ImageNet, ta yi kuskure a kusan kashi 15 cikin 100, yayin da mai bi mata ta yi a kusan kashi 26. Shekara 10 bayan haka, a ƙarshen Nuwamban 2022, ChatGPT ya fito, ƙirƙirarriyar basira ta zama zancen kasuwa da majalisa. Kyautar 2024 ma a wannan fagen ta faɗa, ga Andrew Barto da Richard Sutton, masu binciken yadda na'ura ke koyo ta hanyar gwaji da sakamako.

Abin da ake koyarwa

Aikin ƙungiyar da ya fi shafar iyaye masu biyan kuɗin makaranta shi ne wanda aka fi mantawa da shi. A watan Maris na 1968 ta wallafa wani kundi da ake kira Curriculum 68, wanda ya zayyana darussan da ya kamata digirin kimiyyar kwamfuta ya ƙunsa da yadda za su bi juna. Jami'o'in da ke buɗe sassa a lokacin ba su da abin dubawa, sai suka ɗauke shi. An sabunta shi a 1978, daga 1991 kuma aka riƙa yin sa tare da IEEE, aka sake fitar da sabbi a 2001 da 2013. Babu dokar da ta tilasta wa kowace jami'a bin sa, amma hukumomin tantance kwasa-kwasai da marubuta littattafan karatu a ƙasashe da yawa da shi suke auna aikinsu.

Da fannin ya faɗaɗa sai ya rabu gida-gida. Kundin 2005 ya lissafa biyar: kimiyyar kwamfuta, da injiniyancin kwamfuta, da injiniyancin manhaja, da tsarin bayanai, da fasahar sadarwa da sarrafa bayanai. A 2017 aka fitar da jagora na musamman kan tsaron intanet, kundin 2020 kuma ya shigo da shi tare da kimiyyar nazarin bayanai. Bambancin ba na suna ba ne kawai. Mai kimiyyar kwamfuta yana koyon dalilin da ya sa hanya kaza ta fi hanya kaza sauri. Injiniyan manhaja yana koyon yadda mutum 50 za su gina abu guda ba tare da ya ruguje ba. Mai tsarin bayanai yana tsakanin na'ura da harkar ofis. Ma'aikatar da ta ɗauki ɗaya tana zaton ɗayan ta ɗauka, ita ce za ta yi kuka daga baya.

Kundin 2020 ya kawo wani sauyi na tunani. Maimakon a tambayi abin da ɗalibi ya sani, sai aka koma tambayar abin da zai iya yi, aka kuma ce ƙwarewa ta ƙunshi abu uku: ilimi, da iya aiki, da hali. Na baya-bayan nan shi ne CS2023, wanda aka yi tare da IEEE da ƙungiyar masana ƙirƙirarriyar basira ta AAAI. Ya raba fannin zuwa sassan ilimi 17, ya ƙara wa ƙirƙirarriyar basira da lissafin da take buƙata sarari, ya kuma nemi a cusa batun ɗa'a da tasiri ga al'umma a cikin kowane sashe, kada a ware shi a darasi ɗaya da ɗalibai za su haddace su manta.

Ga waɗanda suka riga suka kama aiki, ƙungiyar tana da cibiyar koyo ta intanet da laccoci na ƙwararru, da mujallu na musamman kan sabbin fagage irin su kwamfutar kwantam, da rijistar da ake rarrabawa tsakanin na'urori wadda kuɗin kirifto ke hawa a kai, da na'urorin gida da na masana'antu masu haɗe da intanet. Kwamfutar kwantam misali ce mai kyau ta dalilin da ya sa ƙwararre ba ya gama karatu. A 1994 Peter Shor ya nuna cewa irin wannan na'ura, idan ta yi ƙarfi sosai, za ta iya warware lissafin da RSA ya dogara da shi. Ba a kai ga gina mai wannan ƙarfi ba, amma a watan Agustan 2024 hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta fitar da sabbin hanyoyin sirrantawa guda uku da aka tsara don jure mata. Ma'aikacin banki da ya bar jami'a shekara 10 da suka wuce bai karanta su a aji ba, kuma shi ne za a ɗora wa aikin sauyawa.

Akwai kuma gasar rubuta manhaja ta jami'o'i, ICPC, wadda ta gudana ƙarƙashin inuwar ƙungiyar daga 1977 zuwa 2017. Ɗalibai uku, kwamfuta ɗaya, awa biyar. Jami'ar ITMO ta birnin St. Petersburg a Rasha ta lashe ta sau bakwai, an kuma yi wasan ƙarshe na 2015 a Marrakesh ta Maroko.

Ɗa'a da batun lasisi

Ƙungiyar tana da kundin ɗa'a da aka yi wa babban gyara a 1992, aka sake sabunta shi a 2018, yana ɗauke da ƙa'idoji 25. Jigonsa shi ne amfanin jama'a ya zo a gaba da na mai biyan albashi: a guji cutarwa, a kiyaye sirrin mutane, kada a nuna wariya, kada mutum ya karɓi aikin da ya fi ƙarfin saninsa, kuma ya faɗi gaskiya game da rauni da iyakar tsarin da ya gina. A kan ƙirƙirarriyar basira, ƙa'idar wallafarta ta ce ba za a sa sunan manhaja a matsayin marubuci ba, domin manhaja ba ta ɗaukar alhaki.

Wanda ke ganin wannan zancen fatar baki ne, ya duba abin da ya faru a hukumar gidan waya ta Birtaniya. A 1999 aka shigo da wata manhajar lissafin kuɗi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu, a ƙananan rassan gidan waya, waɗanda galibi 'yan kasuwa masu shaguna ne ke riƙe da su bisa kwangila. Manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗin da babu shi. Hukumar ta yarda da na'ura ta ƙaryata mutane. Daga 1999 zuwa 2015 an yanke wa fiye da mutum 900 hukunci kan sata ko zamba ko ƙaryar lissafi. Wasu suka tafi kurkuku, wasu suka sayar da gidajensu don cike giɓin, wasu suka mutu kafin a wanke su. Sai a 2019, bayan ƙarar da mutum 555 suka shigar a ƙarƙashin jagorancin Alan Bates, babbar kotu ta tabbatar da cewa manhajar tana da kurakurai, a 2024 kuma majalisar dokoki ta yi dokar soke hukunce-hukuncen. Duk mai shagon da ya taɓa jayayya da banki kan kuɗin da aka cire ba su isa ba, ya san ɗanɗanon jin cewa "haka kwamfuta ta nuna".

Sai dai hukuncin mafi tsanani da ACM za ta iya yi wa wanda ya karya ƙa'ida shi ne ta kore shi daga ƙungiya ko ta hana shi wallafa a mujallunta, washegari kuma ya ci gaba da aikinsa. Likita ko lauya ba shi da wannan sauƙi. Da aka taso da batun a riƙa bai wa injiniyoyin manhaja lasisi, ƙungiyar ta ƙi goyon baya a 1999, bisa hujjar cewa ilimin fannin bai nuna ba har a ce jarrabawa ɗaya za ta tabbatar da ƙwarewa, kuma lasisi zai ba jama'a kwanciyar hankalin ƙarya. An gwada irin wannan jarrabawa a Amurka daga 2013, aka daina bayan ta 2019 saboda waɗanda suka zauna mata gaba ɗaya ba su kai 100 ba. Hujjar ƙungiyar tana da nauyi, amma ba ta amsa tambayar wanda aka ɗaure saboda kuskuren manhaja ba.

Inda Nijeriya ta shigo

Nijeriya ta ɗauki hanya daban. Doka mai lamba 49 ta 1993 ta kafa Majalisar Rajistar Ƙwararrun Kwamfuta, CPN, ta ba ta ikon yi wa masu sana'ar rajista da sa musu ido. Akwai kuma ƙungiyar Nigeria Computer Society, wadda tushenta ke komawa 1978, da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA da aka kafa a 2001. A takarda, ƙasar ta fi Amurka tsaurara wa sana'ar. A aikace, dubban matasa na rubuta manhaja ga kamfanonin gida da waje, kuma abin da masu ɗaukar aiki ke fara tambaya shi ne a nuna musu abin da aka taɓa ginawa.

A ɓangaren jami'o'i, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabon tsarin karatu na CCMAS a watan Disamban 2022, inda ta ware kwamfuta a matsayin fanni mai zaman kansa, da digirori daban-daban a kimiyyar kwamfuta, da tsaron intanet, da nazarin bayanai, da injiniyancin manhaja, da tsarin bayanai, da fasahar sadarwa. Rabon ya yi kama ƙwarai da na kundin ACM. Hukumar ta tsara kashi 70 cikin 100 na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. A ƙarshen 2023 kuma Ma'aikatar Sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani ta ƙaddamar da shirin 3MTT, mai burin horar da mutum miliyan 3, aka fara da rukunin mutum 30,000.

Gajeren horo da digiri ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma rikita su asara ce. Horon wata uku yana koya wa mutum amfani da kayan aikin da ake yayi, ya ba shi abin neman abinci da wuri, amma kayan aikin kan tsufa cikin 'yan shekaru. Digiri mai kyau yana koyar da abin da ke ƙarƙashin kayan aikin, wanda bai sauya sosai ba tun zamanin Codd. Uban da zai biya wa ɗansa kuɗin digirin tsaron intanet yana da haƙƙin ya tambayi malamai nawa ne a sashen suka ƙware a fannin, da ko akwai ɗakin gwaji mai wuta, domin sauya suna a allon ƙofa ba ya kawo ko ɗaya daga cikin biyun.

Buɗe ɗakin karatu

Duk abin da ƙungiyar ta wallafa yana cikin ɗakin karatunta na intanet, ACM Digital Library, wanda shekaru da dama sai jami'ar da ta biya kuɗin shiga na shekara ke iya buɗewa. A 2022, albarkacin cikarta shekara 75, ta saki duk maƙalun da aka buga daga 1951 zuwa 2000 kyauta, fiye da 117,000, ciki har da na Codd da na masu RSA. Ta kuma tsayar da farkon Janairun 2026 a matsayin lokacin da dukkan wallafe-wallafenta za su zama na kowa da kowa.

Kuɗin bai ɓace ba, wurin biya ne ya sauya. A sabon tsarin, jami'ar marubuci ce ke biyan kuɗin shekara gwargwadon yawan abin da malamanta ke wallafawa, idan kuma ba ta shiga yarjejeniyar ba, marubucin ne zai biya a kan kowace maƙala, ko da yake an tanadi rangwame da yafiya ga masu bincike daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ɗalibin da ke Kano ko Zariya ko Maraɗi zai iya karanta abin da ɗalibin MIT ke karantawa da kuɗin data kawai. Malaminsa da ke son a buga nasa binciken kuwa sai ya fara binciko ko jami'arsa ta shiga yarjejeniyar, ko kuma ƙasarsa tana cikin jerin waɗanda aka yi wa rangwame.